Ƙugiyoyin da Suka Zube Daga Shafin Baba Hedimasta

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan a kan tabarma, akwai abin da nake so ku ji. Tun da kuka fara zuwa gidan nan kuna cewa, "Anti Rakiya, koya mana haɗa shafin intanet," nake sauraron bakinku. Jiya ma ina daga kicin na ji ɗayanku yana cewa shi da waya kaɗai zai haɗa shafi kafin la'asar, har ya sa masa hoto mai motsi. Gaskiya ya faɗa, zai haɗa. Ni ma da idona ya fara gajiya ina haɗawa tsakanin azahar da la'asar. Amma sana'ar tana farawa ne ranar da wayarka ta yi ƙara, ka ɗauka, ka ji an ce, "Shafin ya zama fari."

Ni dai kun san ban yi boko mai nisa ba. Firamare na gama, na leƙa sakandare, aka ce gida ba hali. Kawuna ne ya kai ni shagon Oga Sunday, wani ɗan ƙabilar Eggon mai buga takardu da fotokwafi a bakin titin da ɗalibai ke bi. Da shara na fara, sai haɗa takardu da sitafila, sai goge ƙurar injina. Na daɗe kafin ya bar ni na zauna a kujerar kwamfuta. Abin da ya zaunar da ni kuwa kunne ne. Hausar Oga ta ishe shi ciniki da faɗa, amma kunnensa ba ya raba ƙ da k, ba ya raba ɗ da d. In an kawo aikin Hausa ya buga, mai takarda ya dawo yana ƙorafi, sai ya ce, "Haba Malam, kasa da kasa ai duka kasa ne." Da ya gaji da maimaita aiki sai ya ce, "Rakiya, zo ki zauna. Wannan wahala na ku ne."

A lokacin kwamfutocinmu ba su san haruffa masu ƙugiya ba. Wasu masu dabara ne suka yi wani salon rubutu da ake zuba wa kwamfuta. In ka danna wannan alamar } sai ta fito maka a fuska a matsayin ƙ. Wannan ] ita ce ɗ, wannan ~ ita ce ɓ. Kai a ido ƙasa kake gani, ita kuwa kwamfuta a cikinta }asa ta ajiye. Haka duk masu buga Hausa suke yi a wancan zamanin, ba wanda ya ga aibu a ciki.

Da wayoyi suka yi yawa, mutane suka daina zuwa shago duba saƙo, sai Oga ya koma haɗa wa makarantu da otal-otal da ƙungiyoyi shafin intanet. Ni kuma na ja kujera kusa da shi. Bai taɓa zaunar da ni ya ce yau ga darasi ba. In ya yi abu na tambaya, sai ya ce, "Just dey look." In na kai hannu, ya ce, "No touch am." Da kallo na koya. Turancin da shafi ke rubutawa in ya faɗi, har yau ban iya fassara shi duka ba. Amma na san kamanninsa yadda kuka san tarin kakarku daga bayan katanga. Na san in bi layin har ƙarshe, in tsinci sunan abin da ya jawo faɗuwar.

Bari in gaya muku yadda irin waɗannan shafukan suke, don ku daina ganinsu kamar hoto a bango. Gidan haya ne. Akwai ainihin ginin, sannan akwai 'yan haya, su ake kira fulogin. Ƙananan manhajoji ne da ake jona wa shafi, kowanne da aikinsa. Wannan ya nuna hotuna, wannan ya karɓi saƙon baƙi, wannan ya yi gadi, wannan ya kwashi kwafin komai ya ajiye. Kowanne wani mutum daban ne ya yi shi a wata ƙasa daban, ba su san juna ba, ba su taɓa jin sunan Keffi ba. Kuma duk mita ɗaya suke sha. Ran da ɗaya ya sake hali, ko mai shi ya sabunta shi ya daina jituwa da maƙwabcinsa, gidan gaba ɗaya ke yin duhu. Sai dai a wannan sana'ar duhun fari ne. Ka buɗe shafi ka ga allo fari tas, ko harafi babu.

Kayan aikina ga su kuna gani. Laftof ɗin nan da kusurwarsa ta fashe na ɗaure da salatif. Layukan waya na kamfani daban-daban, in wannan ya ɗauke wancan ya kawo. Inbata a ƙarƙashin gado, fulash a gwangwanin madara. Ban cika fita ba, daga ɗakin nan na Gangaren Tudu nake shiga gidajen mutane in gyara in fito, tukunyata na kan wuta. Amma babban kayan aikin shi ne tambayar farko: "Me aka taɓa?" Tun da nake, ban taɓa samun wanda ya taɓa komai ba a garin nan. Don haka ba amsar nake saurare ba, yadda aka faɗe ta nake saurare. Wanda ya amsa tun ban rufe baki ba, shi ya danna da hannunsa. Wanda ya fara da wallahi, ɗan 'yar'uwarsa ya ba faswod. Wanda ya ce "bari in tambayi sakatare," su da yawa ne suka taɓa.

Akwai wata Madam mai makarantar kuɗi a hanyar Garaku. Ranar da za a saki sakamakon jarabawa shafinta ya mutu, iyaye sun cika bakin ƙofa kowa da waya a hannu. Ta kira ni, ina jin hayaniyarsu a bayanta. "Rakiya, dis tin don die o! Za su cinye ni a nan!" Na ce me aka taɓa, ta ce Allah shaida ba kowa. Na bi ta ƙofar baya, wato inda fayilolin shafin suke a ajiye a wurin masu ba da hayar wuri. Na sake wa foldar fulogin suna, wanda daidai yake da a kori 'yan haya duka waje a rufe ƙofa. Shafin ya tashi tsirara, ba ado ba komai. Sai na fara shigo da su ɗaya bayan ɗaya, in shigo da ɗaya in duba, in shigo da wani in duba. Aikin ke nan, ba gajeriyar hanya. Can na ci karo da wani baƙo da ban san shi ba. Ashe ɗanta ne ya samo fulogin na sayarwa kyauta a wani lungu, ya jona don sakamako ya riƙa fitowa da launi. Abin ya zo da ɓarawo a cikinsa, har ya fara cusa tallan caca a ƙarƙashin hoton yara 'yan nazare. Na cire, na share, na dawo da kwafin da muka ajiye. Ta ce, "Ai na ce miki ba abin wahala ba ne." Na ce haka ne, Madam.

Irin wannan shi ne aiki mai daɗi, don akwai kwafi. Wanda nake so ku ji shi ne wanda babu.

Shekarar da man fetur da dala suka tashi tare, ita ce muguwar shekararmu. Wurin da shafi ke zama haya ake biya, kuma masu wurin da dala suke lissafi. Otal-otal suka ce a bar shi ya mutu, ai suna da waya. Ƙungiyoyi suka ce sai an yi taro, ba a kuwa yi ba. Waɗanda suka rage muka kwashe su daga manyan wurare muka cusa a ƙanana masu araha, inda ba a ajiye maka tsohon kwafi mai nisa. In an ɗauki sabo sai a goge na baya. Oga Sunday ya rufe shago, ya sayar da tsofaffin kwamfutocin ga masu sayen ƙarfe, ya koma wajen Abuja yana tuƙa mota. Ya bar mini shafukan da suka rage, ya ce, "Rakiya, Allah ya taimake ki, ni na gaji."

A cikinsu akwai na Baba Hedimasta.

Malam Ilyasu sunansa, ɗan tsohon gari ne, amma yawancin aikinsa na koyarwa a Agwada ya yi shi. Da ya yi ritaya sai ya ɗaure rikoda a bayan mashin, ya riƙa bin ƙauyukan Kokona yana zama da tsofaffi. Maharba, maƙera, ungozomomi, matan da suka san waƙoƙin niƙa. Ya tambaye su sunan kowane rafi da kowace irin doya, yadda ake narka tama a da, wa ya fara sauka a ina. In ya dawo sai ya saurari kaset ya rubuta a takarda, ya kawo shagon Oga a buga. Wasu ni na buga, wasu sauran 'yan matan shagon. Yakan tsaya a kanmu da tabarau a kan hanci. In na yi sauri na tsallake, sai ya buga tebur da yatsa.

"Rakiya, ƙugiya! Ina ƙugiyar? Ɗaki na ce, ba ki ji ba?"

Daga baya Oga ya haɗa masa shafi, ya zuba rubutun duka yadda yake da tsofaffin alamomin nan, ya jona wani ɗan fulogin da ke juya } ta koma ƙ a idon mai karatu. Abin ya yi kyau, ba wanda ya sake waiwayarsa. Ran da 'yar Baba da ke aure a Abuja ta kira ta ce ta karanta a wayarta, ya zo shago da goro ya raba. Ya ce yanzu maganar mutanen nan ta tsira, ko ya mutu tana nan. Tsofaffin da ya yi hira da su kuwa suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Kaset-kaset ɗin ruwa ya zubo musu ta rufi wata damina suka manne. Takardun gara ta shiga akwatin ta mai da su ƙasa, matarsa Gwaggo Mairo ta kwashe ta ƙone. Bai damu ba. Ai yana intanet.

Bayan ƙaramar salla ne ya kira ni, da hantsi, ina tsince shinkafa.

"Rakiya, shafin nan fa ba ya buɗewa. Fari nake gani."

"Subhanallahi. Baba, me aka taɓa?"

"Ban taɓa komai ba. Gyara na yi."

Na ajiye tiren.

"Wane irin gyara, Baba?"

"Jajayen lambobi ne suka taru a gefe, kullum ƙaruwa suke yi. Ke kin san ni, duk shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa ganin jan biro a littafi na wuce ba."

"Baba, ai na ce in ka shiga ka tsaya wajen rubutu kawai, ka bar mini wancan gefen."

"To sabuntawa ce fa aka rubuta a wurin. Yaushe sabuntawa ta zama laifi? Mai alwala ma in ya sabunta, lada ake ƙara masa."

Ku da kuke dariya, ku sani yawancinku haka za ku yi. Sabuntawa dole ce, shafin da ba a sabunta shi ɓarayi ke shiga. Amma sai ka ɗauki kwafi ka sa a aljihunka tukuna, sannan ka sabunta ɗaya, ka duba, ka sabunta wani. Shi Baba duka ya zaɓa ya danna sau ɗaya.

Na ce, "Yaushe ke nan?"

Ya ce, "Kwanan nan ne."

Sai na ji muryar Gwaggo daga nesa, da ƙarar ludayi a bakin tukunya. "Malam, ka faɗa mata daidai mana. Tun kafin azumi ne."

Ya yi gyaran murya. "Na ɗauka netiwok ne. Na ce in an sha ruwa zai dawo."

Na shiga ta ƙofar baya kamar kullum. Na kori 'yan haya, na dawo da su ɗaya-ɗaya. Ban sha wuya ba na gano inda faɗan yake: sabon fulogin na gadi ne ya ƙi zama da ɗan tsohon nan mai juya haruffa, wanda mai shi ya daɗe da watsar da shi. Na raba su, shafin ya tashi. Ga hoton Baba da babbar riga, ga hoton dutse, komai lafiya. Har na ɗauki waya zan yi masa albishir. Sai na ce bari in buɗe hira ɗaya in karanta, don ni ban yarda da shafi ba sai na ji shi a bakina. Na fara karantawa a fili:

"A asar Agwada, a wani auye da ke bayan dutse, akwai wani maeri da ansa aya."

Na sake karantawa. Na buɗe wata hirar, na buɗe wata. Duk haka suke.

Abin da ya faru shi ne, shi mai gadin nan da aka sabunta ya zo da sabon aiki. Kafin gidan ya faɗi, ya bi rumbun rubutu yana neman alamomin da ɓarayin intanet ke amfani da su wajen cusa mugun abu. Irin su } da ] da ~ suna cikin abin da aka ce ya tsana. Wanda ya yi shi bai san akwai wasu mutane a wata ƙasa da suka ɓoye haruffansu a cikin waɗannan alamomin ba. Ya tsince su tas, ya zubar, har ya rubuta rahoto cewa ya tsabtace shafi. Duk wata ƙ, duk wata ɗ, duk wata ɓ da Baba ya tsaya a kanmu muka buga, ta tafi. Ko gurbinta bai bari ba.

Na nemi kwafi. Masu hayar wuri suna da shi, amma duk na bayan ɓarnar ne, masu kyaun an goge su tun cikin azumi. Na rubuta musu da ɗan Turancina, suka amsa da ladabi cewa suna baƙin ciki. Na kira Oga Sunday, ina jin hon a bayansa, ya ce kwamfutocin ai yanzu sun zama tukwane. Na duba wuraren da ke ɗaukar hoton shafukan duniya su ajiye, na tarar fuskar farko kaɗai suka ɗauka, Baba da babbar rigarsa.

Wannan ba maganar waya ba ce. Na sa hijabi na hau mashin na je. Na same shi a zaure a kan kujerar roba. Na buɗe laftof na nuna masa. Ya gyara tabarau, ya bi layin da yatsa, leɓensa na motsi. Gwaggo ta kawo ruwa ta tsaya a bakin ƙofa.

"Duka?" in ji shi.

"Duka, Baba."

"Har na maharba?"

"Har su."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "To. Yaron da ya zubar da tawada shi ke goge tebur. Yaushe za mu fara?"

Kada ku ɗauka aikin danna maɓalli ne a ce kwamfuta ta mayar. Ba ta san inda suka fita ba. Da yawa dai ni kaɗai na iya a gida. In na ga "bao" na san baƙo ne, "haa" haɗa ce, "ofa" ƙofa ce, "oye" ɓoye ne. Waɗannan kunne ke kamawa tun ido bai gama ba. Matsalar tana wurin kalmomin da in ƙugiyarsu ta faɗi sai su koma wata kalmar mai rai. "Aya" ɗaya ce, ko ƙaya, ko kuwa ayar ce da kanta? "Ari" ɗari ne, ko ƙari, ko ɓari? Ga kuma sunayen rafuka da itatuwa da doya na yaren Gwandara da Mada da sauransu, waɗanda Baba ya rubuta yadda kunnensa ya ji daga bakin mutanen da yanzu suna kabari. Waɗannan babu su a littafin kowa. A kan mutum ɗaya suke, shi ma ya tsufa.

Sai na riƙa zuwa bayan azahar, ni da ba na son fita. In zauna a tabarma da laftof a cinya, in karanta, shi yana kujera ido a rufe. In na zo wurin sai in tsaya.

"Baba, 'da baƙon ya zo sai ya ba shi aya.'"

"Karanto na gaba."

"'Ya riƙe ayar.'"

"To ke da kanki ba ki ji ba? Mata biyu gare shi... a'a, tsaya, kibau ne. Kibiya ɗaya ya ba shi. Sa ɗ."

Gwaggo daga tsakar gida ta ce, "Da mata ne ai da ka tuna da sauri."

Wata rana na karanta masa hirar wata ungozoma: "A shekarar nan matan garin suka yi ta ari." Na ce ƙari ne, irin mai fitowa a jiki? Ya girgiza kai. Ya ce, "Ɓari ne. Shekarar da suka sha ruwan wani tafki. Tana faɗa mini tana lissafa gidajen da yatsa, har ta zo kan nata." Na sa ɓ muka wuce.

Wani lokacin ya amsa nan take, har ya kwaikwayi muryar mai maganar. Wani lokacin ya ce, "Sa alama, zan tuna." Alamomin nan suka yi ta taruwa. Na lura kuma yana saurin gajiya, yana neman kalma a bakinsa, shi da bai taɓa neman kalma ba. Na ce mu riƙa tsallake masu sauƙi mu bi masu wuya. Ya ce a'a, littafi daga farko ake bin sa.

Cikin damina, muna tsakiyar hirar maƙera, Gwaggo ta aiko cewa kada in zo, an kai shi asibiti. Hawan jini ne ya buge shi. Da aka dawo da shi gida, ɓarin jikinsa na dama ya mutu, baki ya karkace. Yana ji, yana ganewa, amma in ya buɗe baki iska ce ke fita da wani sauti guda. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana raba ƙ da k.

Na bar zuwa. Gwaggo ce ta zo har nan, ta zauna inda kake zaune ɗin nan, ta ce, "Rakiya, kullum bayan azahar ƙofa yake kallo. Ki zo ko ba za a yi komai ba." Na yanka kwalin sukari gida uku, na rubuta ƙ da ɗ da ɓ manya-manya. In karanta, in na zo wurin in jera masa a kan bargo, ya ɗago hannun hagu ya taɓa ɗaya. Wani lokacin hannun ya sauka tsakanin biyu, sai in sake tambaya. In na maimaita abin da bai nufa ba, sai ya bugi katifa. A yini mukan yi abin da a da muke yi kafin Gwaggo ta gama dama kunu. Sunayen rafuka ma ba sa yiwuwa ta haka, don wasu ban san ko akwai abin da ya faɗi a cikinsu ba balle in tambaya.

Bai kai kaka ba. Da safe aka yi jana'izarsa, tsofaffin ɗalibansa suka cika layin. Wasu suka ce mini sun ji yana da shafi a intanet, Allah ya sa ya zama sadaka mai gudana. Na ce amin.

Shafin yana nan, ni ke kula da shi. Na juya rubutun duka zuwa haruffan zamani na gaskiya, waɗanda ba mai gadin da zai tsince su. Kwafi kuwa yana fulash, yana laftof, yana wurin 'yarsa. Abin da muka gyara tare ya gyaru. Abin da kunnena ya tabbatar na sa. Sauran na bi ƙauyuka da waya ina tambaya, a ce mini wanda ya sani ya rasu bara.

Hirar maharba ita ce ta ƙarshe, ba mu kai gare ta ba. A ciki akwai wani tsohon maharbi na Agwada da ya yi magana mai tsawo a kan wani kurmi da aka sare aka sayar da katakon. Ya lissafa namun da yake harbi a ciki yana saurayi. Sannan ya faɗi yadda 'ya'yan mutum ɗaya suka kai juna kotu a kan filin da ya fito bayan saran, har ɗaya ya mutu ɗayan bai je gaisuwa ba. A tsakanin waɗannan maganganu biyu akwai layi ɗaya, shi kaɗai a tsaye:

"Tun ran da aka sare kurmin nan, auna ta bar garin nan."

Ɓauna ce ta bar garin, ko ƙauna? Na karanta daga sama, ɓauna ce. Na karanta daga ƙasa, ƙauna ce. Na kai wa Gwaggo, ta ce ita ba ta je Agwada da shi ba. Na kira Oga Sunday, ya ce, "Sa k kawai, wa zai sani?" Gaskiyarsa, ba wanda zai sani. Duk wadda na sa, haka jikokin maharbin za su karanta, su ce abin da kakansu ya faɗa ke nan. Maharbin ya mutu, wanda ya ji daga bakinsa ya mutu, kaset ya manne, takarda ta zama toka.

Ga laftof ɗin, na buɗe muku wurin, ga ɗan layin nan yana ƙyaftawa a gaban kalmar. Kai mai haɗa shafi kafin la'asar, matso. Wane harafi za ka sa wa mamaci a baki?